Zuwa Ƙasashen Larabawa Koyon Larabci: Me Tafiyar Ke Ƙara wa Ɗalibi?

A ƙasar Hausa, in aka ce wane ya yi karatu a Misra ko Madina ko Sudan, galibi an gama magana a kan iliminsa. Jama'a sukan ɗauka cewa duk wanda ya sha ruwan Nilu, ko ya yi shekara huɗu a Hijaz, to ya dawo da Larabci a baki da malanta a ka. A ɗaya gefen akwai masu cewa tafiyar asarar kuɗi ce, tunda manyan malaman ƙasar nan sun wallafa littattafai da Larabci ba tare da sun taka ƙasar Larabawa ba. Iyaye da ɗalibai suna tsakanin waɗannan maganganu biyu, wasu har su sayar da gona ko fili kafin su san takamaimai abin da za a je a samo.

Tushen ruɗanin shi ne cakuɗa abubuwa uku da ba ɗaya suke ba: Larabcin littafi, Larabcin da ake hira da shi a gida da kasuwa, da kuma ilimin addini. Sai na huɗu ya biyo baya, wato ɗaukar duk abin da Balarabe ke yi a matsayin Musulunci. Zaman ƙasar Larabawa yana bayar da wasu daga cikin waɗannan cikin sauƙi, wasu sai da wahala, wani kuma ba ya bayar da shi sam sai in ɗalibi ya tafi da tushensa daga gida.

Wane Larabci ake nufi?

Fus'ha ita ce daidaitaccen Larabci, mai bin ƙa'idojin nahawu da sarfu. Da ita aka saukar da Alƙur'ani, da ita aka rubuta littattafan fiƙihu da tafsiri, kuma sabon salonta shi ne harshen jaridu da labaran rediyo da talabijin da takardun hukuma a ƙasashe 22 na Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa. Ita ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin harsunan aikinta a 1973. Sai dai babu garin da uwa ke yi wa jaririnta magana da fus'ha. Ɗan Balarabe ma a makaranta yake koyonta.

Abin da ake magana da shi yau da kullum sunansa ammiyya, wato harshen gama-gari. A Maroko da Aljeriya ana ce masa darija. Kowace ƙasa da nata, wani lokaci ma kowane yanki. Tambayar "me kake so?" a fus'ha ita ce "maza turid". Ɗan Misra zai ce "ayiz eh", ɗan Sudan ya ce "dayir shinu", mutumin Siriya ko Lebanon ya ce "shu baddak", na Saudiyya ya ce "esh tibga". Haruffa ma suna sauya murya. Mutanen Alƙahira suna haɗiye harafin ƙaf, sai "ƙalb", wato zuciya, ta koma "alb", yayin da a Sudan da yawancin Saudiyya take zama "galb". Harafin jim kuwa a Alƙahira "g" ne, shi ya sa duniya ta san tsohon shugabansu da Gamal Abdul Nasir maimakon Jamal. Mai son kwatanta wannan da bambancin Kananci da Sakkwatanci zai iya, amma ya sani tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba: ɗan Iraƙi da ɗan Maroko, in kowa ya saki harshen garinsu, da ƙyar za su fahimci juna.

Akwai wasu kalmomi da ke yawo a bakin ɗalibai waɗanda ya kamata iyaye su san ma'anarsu. Ma'ahad cibiya ce ta karatu, a nan ana nufin sashen koyar da Larabci ga waɗanda ba harshensu ba ne, inda ake share fage kafin shiga kwaleji. Minha ita ce tallafin karatu kyauta. Mu'adala ita ce amincewar wata jami'a cewa takardar sakandaren da ɗalibi ya zo da ita ta yi daidai da tata. Iƙama izinin zama ne a ƙasa. Tazkiyya kuwa takardar shaidar hali ce daga wani malami ko ƙungiya da jami'ar ta sani.

Hanya ce tsohuwa

Ba yau aka fara ba. Tun a ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka ɗauki nauyin wata makaranta a Misra, wadda aka sani da makarantar Ibn Rashiƙ, domin ɗalibai da mahajjatan ƙasarsu. A cikin masallacin Azhar, wanda aka aza harsashinsa a shekarar 970, a da akwai ɓangarorin kwana da karatu da ake kira ruwaƙ, kowace al'umma da nata, kuma mutanen Barno suna da nasu. Malam Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da hatimi, a Alƙahira ya rasu a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Misra. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya je Hijaz, ya kuma sadu da Murtala al-Zabidi a Alƙahira.

A wancan zamani neman ilimi a haɗe yake da aikin hajji. Mutum zai bi ta Barno da Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya, ya yi shekaru a hanya, yana noma ko ƙodago yana karatu. Da yawa ba su dawo ba. Bayan yaƙin Burmi a 1903, waɗanda suka tsira daga jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa garin Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu, kuma har gobe akwai Hausawa da Fulani masu yawa a Sudan, kamar yadda ake da iyalai masu laƙabin Hausawi a Makka da Jidda.

Tsarin da muka sani yau, na zuwa makaranta a dawo da takardar shaida, ya fara ne a zamanin Turawa. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, aka ɗauko mata malamai daga Sudan, ita ce ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A 1954 gwamnatin Jihar Arewa ta tura wasu ɗalibanta, cikinsu da Malam Abubakar Gumi da Shehu Galadanci, zuwa kwalejin horar da malamai ta Bakhtur Ruda a Sudan. Zaɓen Sudan ba haka kawai ba ne. Turawa suna tsoron kada ɗalibai su je Misra su kwaso siyasar ƙin jinin mulkin mallaka, ita kuwa Sudan tana hannunsu a lokacin. Tun daga ranar farko ke nan tambayar "ina za a tura yara" ta haɗa da "wane tunani za su dawo da shi".

Shekarar 1961 ta buɗe ƙofofi biyu. A cikinta aka kafa Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka gina musamman domin ɗaliban ƙasashen waje, kuma a cikinta gwamnatin Nasir ta yi wa Azhar garambawul, ta ƙara mata kwalejojin likitanci da injiniyanci da sauran ilimin zamani. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya yawaita minha daga Saudiyya da Libiya da ƙasashen Gulf. A Khartum aka buɗe Cibiyar Musulunci ta Afirka a 1977, wadda ta zama Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa a 1992. Marigayi Shaikh Ja'afar Mahmud Adam yana cikin waɗanda suka bi hanyoyin biyu, Madina da Khartum.

Me ke tura ɗalibi waje?

Babban dalili yana cikin yadda muke karatu a gida. A makarantar zaure, malam yana biya littafi kalma bayan kalma yana fassarawa da Hausa. Ɗalibi ya sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, ya shiga Ajurumiyya da Alfiyyar Ibn Malik, ya haddace Ishiriniya, ya karanta Muƙamatul Hariri da waƙoƙin Jahiliyya. Wannan hanya tana gina mutum mai zurfin fahimtar nassi, wanda zai warware i'irabin baiti mai wuya ba tare da ya yi gumi ba. Amma ba a tsara ta domin magana ba. Shi ya sa za a sami malami da ya san kalmomi goma na raƙumi daga tsofaffin waƙoƙi, amma in aka ce ya tambayi kuɗin mota ko ya rubuta wasiƙar neman aiki sai harshe ya sarƙe. Makarantun Islamiyya da sassan Larabci na jami'o'i sun rage wannan giɓi, sai dai da zarar an tashi daga aji Hausa ce ke dawowa.

To abin da ake nema a waje shi ne kunne da harshe: a ji Larabci dare da rana har ya daina zama abin da ake fassarawa a zuci kafin a amsa. Jami'o'in Nijeriya sun daɗe da yarda da wannan buƙata. Da can ɗaliban Larabci sukan yi shekara ɗaya a wata ƙasar Larabawa kafin su kammala. Da tattalin arziki ya karye, sai gwamnati ta kafa Ƙauyen Larabci a Ngala ta jihar Barno a farkon shekarun 1990, a yankin Larabawan Shuwa, domin ya maye gurbin tafiyar. Rikicin Boko Haram ya tilasta masa ƙaura zuwa Maiduguri.

Sauran dalilan a fili suke. Minhar Madina ta haɗa da masauki da alawus na wata da tikitin jirgi, ga kusanci da Harami, abin da ba ƙaramin jan hankali ba ne ga ɗan talaka. Akwai littattafai masu sauƙin samu, akwai manyan malamai, akwai gudun yajin aikin jami'o'in gida. Akwai kuma martaba, wadda ba a cika faɗa ba amma kowa ya san tana ciki.

Abin da ɗalibi ke tararwa

Abu na farko da ke girgiza sabon zuwa shi ne ya sauka a filin jirgi da Alfiyya a kansa, ya kasa gane abin da direban tasi ke faɗa. In ya yi magana da fus'ha za a fahimce shi, wani ya girmama shi, wani ya yi murmushi ya ce ya ji kamar ana karanta labarai. A Misra har cikin aji wasu malamai sukan zame zuwa ammiyya idan bayani ya yi zafi. Ɗalibin da ya zo neman fus'ha sai ya ga dole ya koyi harsuna biyu a lokaci guda.

Wurare sun bambanta a nan. A Madina ajin ya ƙunshi ɗan Indunusiya da ɗan Senegal da ɗan Bosniya da ɗan Pakistan, ba su da harshen da ya haɗa su sai fus'ha, don haka ita ce harshen ɗakin kwana da na cin abinci. Abin mamaki shi ne ɗalibi yakan koyi magana da fus'ha daga 'yan'uwansa baƙi fiye da yadda yake koya daga 'yan ƙasa. Wanda bai iya ba yakan yi kamar shekara biyu a ma'ahad, inda aka daɗe ana amfani da littattafan Dr. Abdurrahim, waɗanda suka watsu har Islamiyyun ƙasar Hausa. Raunin wannan tsari shi ne ɗalibi zai iya kammalawa bai taɓa cin abinci a gidan ɗan Saudiyya ba.

Alƙahira ta fi cakuɗa mutum da jama'a. Akwai unguwar kwanan ɗaliban waje ta Azhar, wadda ake kira Madinatul Bu'us, amma da yawa suna kama haya a cikin gari. Akwai darussa kyauta a cikin masallacin Azhar da zaurukan da ke kewaye da shi, irin karatun da ɗan zaure zai ji kamar yana gida, akwai cibiyoyin kuɗi masu koyar da harshe a unguwar Madinat Nasr, ga shagunan littattafai a bayan masallaci, ga baje kolin littattafai na shekara-shekara da ake yi tun 1969. Mai himma zai cika jakarsa. Marar himma kuma ba wanda zai tambaye shi ina ya kwana, domin ajujuwan Azhar suna da cunkoso kuma sa ido kaɗan ne.

Sudan, kafin yaƙin 2023, ita ce ta fi sauƙi ga Bahaushe. Mazhabar Malikiyya ce, rayuwa da araha, launin fata ɗaya, kuma wanda ya saba jin Larabcin Shuwa ko na Chadi ba zai sha wuyar harshen ba. Muritaniya tana da makarantun hamada da ake kira mahdara, inda ake haddace matanoni da tsanani, waɗanda masu neman nahawu zalla ke nufa. Turawa masu koyon Larabci sun fi zuwa Amman da Rabat da Tunis, musamman bayan yaƙin da ya ɓarke a Siriya a 2011 ya rufe Dimashƙa, wadda da ita ce zaɓin mutane da yawa.

A duk waɗannan wurare akwai tarko guda da ya fi kowanne cin ɗalibai, wato zama cikin 'yan gida. Hausawa biyar su kama ɗaki ɗaya, su tuƙa tuwo tare, su yi hirar siyasar Kano ko Damagaram har tsakar dare, waya kuma cike da saƙonnin gida. Ba laifi ba ne, kewa ce ke kawo shi, kuma ƙungiyoyin ɗalibai suna ceton sababbin zuwa daga wahalhalu masu yawa. Amma mutum zai iya shekara biyar a haka ya dawo da Larabcin da bai wuce na cefane ba. Haka ma ɗimbin 'yan Nijeriya da ke karatun likitanci a Misra, da waɗanda suka yi a Sudan kafin yaƙi: galibi da Ingilishi ake koyar da su, ammiyyar asibiti suke tsinta don magana da marasa lafiya. Kuskure ne a zaci sun zama malaman Larabci don kawai sun zauna can.

Al'adar Larabawa da addinin Musulunci

Yawancin Hausawa ta hanyar addini suka san Balarabe, shi ya sa ɗalibi kan tafi da hoton al'umma da ke rayuwa kamar yadda ya karanta a littafin sira. Abin da zai tarar mutane ne kamar kowa. Akwai masu tsoron Allah, akwai 'yan damfara, akwai masu kallon ƙwallo lokacin salla. Akwai Kiristoci Larabawa miliyoyi a Misra da Lebanon da Siriya da Jodan, waɗanda ke cewa "Allah" a cocinsu. Kuma ba duk mazaunan waɗannan ƙasashe ne Larabawa ba: akwai Nubawa da Beja da Kurdawa da Amazigawa, dangin Buzaye, waɗanda harshensu ya zama na hukuma a Maroko a 2011.

Ita kanta "al'adar Larabawa" ba guda ɗaya ba ce. Azumi a Alƙahira fitilu ne masu launi da teburan buɗa baki na sadaka a kan titi. A Sudan magidanta suna fito da akusansu bakin hanya, har su tare motoci su tilasta wa matafiya sauka su sha ruwa. Mauludin Sayyidina Husaini da na Sayyida Zainab suna cika titunan Alƙahira, alhali a Saudiyya hukuma ba ta yarda da irin wannan taro ba. Wake da ta'amiyya da koshari na Misra daban, kisra da asida na Sudan daban, kabsar Saudiyya daban. Wanda ya karanta Najib Mahfuz, da ya ci kyautar Nobel a 1988, ko Ɗayyib Salih na Sudan, zai ga Larabci yana ɗauke da soyayya da talauci da siyasa da shakku, ba wa'azi kaɗai ba. A ganin mai wannan sharhi, wannan na cikin manyan ribobin tafiyar: ɗalibi ya koyi raba hukuncin addini da ɗabi'ar mutanen wani gari, ya gane cewa jallabiyya da ƙwaryar kabsa ba su fi babbar riga da tuwo kusa da Allah ba.

Akwai ɓangare mai ɗaci da bai kamata a ɓoye ba. Baƙar fata yakan gamu da raini a wasu wurare, daga tsokanar yara a titi zuwa kalmomin da ke tuna zamanin bauta. Ba kowa ke yi ba, kuma ɗalibai da yawa suna ba da labarin karamcin maƙwabta da malamai. Amma wanda ya tafi da zaton cewa 'yan'uwantakar addini ta share wannan gaba ɗaya, zai fi jin zafin abin idan ya same shi.

Ra'ayoyi masu karo da juna

Masu goyon bayan tafiya hujjarsu ita ce gani ya kori ji. Harshe abu ne mai rai, in ji su, ba a kama lafazinsa da salonsa daga takarda. Suna nuni da yadda waɗanda suka dawo suka kyautata koyar da Larabci, suka kawo sababbin littattafai da tsarin bincike, har wasu suka yi digirinsu a kan tace rubuce-rubucen malaman Sakkwato da Barno, suka fito da su ga duniya. Manyan littattafan da ake dogara da su kan tarihin Larabci a Nijeriya, na Dr. Aliyu Abubakar da na Farfesa Shehu Galadanci, daga hannun waɗanda suka yi karatu a waje suka fito.

Masu ganin gida ya isa su ma ba su rasa hujja ba. Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, bai kai ƙasar Larabawa ba, amma ya tsara nahawu cikin waƙe a Bahrul Muhiɗ, ya tsara sarfu a Hisnur Rasin, ya rubuta tafsirin Liya'ut Tawili. Nana Asma'u ta yi waƙa da Larabci tana Sakkwato. Wazirin Sakkwato Junaidu a gida ya yi karatunsa. Kai, shi kansa Sibawaihi, limamin malaman nahawu, Bafarise ne. Wannan hujja tana da ƙarfi, sai dai tana magana ne kan Larabcin rubutu da nazari, kuma tana manta cewa waɗancan malamai sun tashi cikin gidajen da Larabci ke harshen karatu da wasiƙa da mulki. Yanayin da suka samu shi ne ɗalibin yau ke zuwa nema a waje.

Ra'ayi na uku ya shafi aƙida. Azhar tana kan tafarkin Ash'ariyya, tana koyar da mazhabobi huɗu, ba ta gaba da sufanci. Madina tana kan tafarkin Salafiyya. Ba a koyar da harshe a cikin iska, littattafan da aka koye shi da su suna ɗauke da fahimtar masu makarantar. Don haka wasu ke zargin karatun waje da rura wutar saɓani tsakanin 'yan ɗariƙa da 'yan Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978. Wasu kuma na cewa saɓanin ya girmi tafiye-tafiyen, kuma karatun ya ɗaga matsayin muhawara daga zage-zage zuwa kawo hujja. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne uban da ya zaɓar wa ɗansa makaranta ya zaɓar masa fiye da harshe.

Sai maganar mata. Jami'ar Madina don maza aka gina ta. Azhar tana da kwalejojin mata, Jami'ar Afirka da ke Khartum ta karɓi mata da yawa daga Arewa, Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar kuma tana da sashen mata a Yamai. Muhawara kan tafiyar mace ba muharrami tana nan, kuma ita ce ke sa yawancin masu zuwa su kasance matan ɗalibai ko 'ya'yan masu hali.

Kuɗi, takardu da yaƙi

Wanda bai sami minha ba, lissafinsa ya canja ƙwarai. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya a farashin hukuma ba ta kai naira 500 ba, a farkon 2024 ta haura 1,500. Kuɗin da ke riƙe ɗalibi shekara ya koma na wata huɗu. Ita ma Misra ta karya darajar kuɗinta a Maris na 2024, kuma haya ta yi tsada a Alƙahira bayan kwararowar masu gudun yaƙin Sudan.

Takardu sun fi kuɗi cin shekarun mutane. Ɗalibin da takardarsa ba ta da mu'adala a Azhar za a yi masa jarrabawar tantance matsayi, a iya mayar da shi ajin harshe ko na sakandare, ya ƙara shekaru kafin ya ga ƙofar kwaleji. Dillalai sukan ɓoye wannan, su karɓi kuɗi da alkawarin gurbin da babu shi, ko su shigar da yaro da bizar yawon buɗe ido ko ta umara. In wa'adi ya ƙare ba iƙama, ɗalibi ya zama ɗan takari mai gudun jami'an tsaro, karatu kuwa sai dai labari. Jami'o'in Saudiyya ta intanet ake neman gurbinsu kai tsaye, ba a biyan kowa.

Yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojojin Sudan da rundunar ɗaukin gaggawa ta RSF, ya nuna wani haɗarin. Dubban 'yan Nijeriya, yawancinsu ɗalibai, suka maƙale. Aka kwashe wasu a motoci zuwa iyakar Misra inda suka yi kwanaki a hamada, wasu ta Port Sudan, kafin jirage su kawo su Abuja. Da yawa sun dawo ba takardar sakamako, suka shiga neman jami'ar da za ta karɓe su a tsakiyar karatu. Libiya da Siriya da Yaman duk sun taɓa zama wuraren zuwa, duk yaƙi ya rufe su ko ya rage su.

Bayan dawowa

Harshen aikin gwamnati a Nijeriya Ingilishi ne, a Nijar kuma an daɗe ana aiki da Faransanci. Wanda ya dawo da Larabci kaɗai ƙofofinsa ƙididdigaggu ne: koyarwa, limanci, alƙalanci a kotunan shari'a, tafinta lokacin aikin hajji. Wanda ya haɗa shi da Ingilishi ko Faransanci, ko da wani fanni kamar shari'a ko tattalin arziki, yana da hanya a ofisoshin jakadanci da kafofin watsa labarai da ƙungiyoyin agaji da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012. A Nijeriya, kafin duk wannan sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardar, kuma wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala ba zai yi bautar ƙasa ba, takardar yafewa za a ba shi. Shekarun da aka ɓatar a ajin share fage a nan suke fitowa.

In aka dubi waɗanda tafiyar ta fi yi wa amfani, za a ga galibi masu tushe ne: sun haddace wani abu na Alƙur'ani, sun yi nahawu da sarfu a gida, suna iya karanta littafi ba wasali. Irin wannan ɗalibi watanni kaɗan suke isarsa harshe ya sake, sai ya wuce ajin share fage ya shiga karatu na haƙiƙa. Wanda ya tafi bai san komai ba yana biyan kuɗin waje a kan abin da zai samu a Islamiyyar unguwarsu. Wannan ne ya sa ake ganin alamar tsarin yana sauyawa: a yi digirin farko a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Say, a tafi waje digiri na biyu ko kwas na 'yan watanni. Intanet ma ta shigo ciki, malamai daga Misra suna koyar da ɗalibai ɗaya-ɗaya ta waya, abin da ke gyara lafazi da magana, ko da yake ba ya sa mutum cikin kasuwa ko gidan biki.

Akwai kuma ƙasar da ba a cika sa ta a lissafi ba. A Chadi Larabci harshen hukuma ne tare da Faransanci, shi ne harshen kasuwar Njamena, kuma akwai Jami'ar Sarki Faisal mai koyarwa da shi tun farkon shekarun 1990. Daga Maiduguri ta Gamboru da Kusuri tafiyar mota ce, ba ta buƙatar tikitin jirgi ko dala mai yawa. Abin da ya hana ɗalibai da jami'o'in Arewa cin moriyar wannan maƙwabtaka shi ne rashin tsaron hanyar, da kuma cewa takardar Njamena ba ta da kwarjinin ta Alƙahira a idon masu ɗaukar aiki da iyayen yara.